Clive McCay, Malamin Da Ya Auna Cin Abinci Da Tsawon Rai

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani masani mutumin Amurka, ana ce da shi Clive McCay, wanda ya rasu tun cikin 1967. Ni mutumin Chinade ne ta ƙasar Katagum, tsakanin garinmu da nasu kuwa akwai teku da nisan duniya. Abin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne wata magana da ta bazu ko'ina, wai masana sun gano rage cin abinci yana ƙara tsawon rai. Asalin wannan magana daga ɗakin binciken wannan mutum ta fito. Amma kafin ta iso gare mu ta zubar da rabinta a hanya, rabin da ya ɓace kuwa shi ne ya fi muhimmanci ga irin ƙasarmu. Mu da za mu fita mu zama malaman makaranta, mu mutanen ƙauye za su riƙa tambaya. Ya kamata mu san maganar daga tushe, don kada mu ba da amsar da za ta cuci yaro ko tsoho.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Clive Maine McCay ran 21 ga watan Maris 1898, a wani ɗan gari mai suna Winamac cikin jihar Indiyana, ƙasar manoman masara. Ya yi karatun digirinsa na fari a Jami'ar Illinois, ya gama cikin 1920. Daga nan ya ƙara karatu a jihar Iowa, sa'an nan ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya sami digirin dakta cikin 1925. Fanninsa shi ne ilmin sinadaran da ke cikin jikin mai rai, watau yadda abin da aka ci ya ke juyewa ya zama jini da nama da ƙashi.

Da ya gama, sai ya tafi Jami'ar Yale ya zauna shekara biyu ƙarƙashin wani babban malami mai suna Lafayette Mendel. Shi Mendel yana cikin waɗanda suka fara gano bitamin, kuma ya ƙware wajen gwada abinci a kan fararen ɓeraye. Cikin 1927 Jami'ar Cornell, da ke garin Ithaca a jihar New York, ta ɗauki McCay aiki a sashen kiwon dabbobi. A nan ya zauna yana koyarwa yana bincike kimanin shekara 35.

Ku lura da inda aka ajiye shi, sashen kiwo. Aikin mutanen wannan sashe shi ne su gano abincin da zai sa ɗan maraƙi ko alade ya yi saurin girma, a kai shi kasuwa da wuri. A zamanin nan kuwa har likitocin mutane sun ɗauka saurin girma shi ne babbar alamar lafiya. Da ma ta haka aka gano bitamin: a hana ɓera wani abu sai girmansa ya tsaya, a mayar masa sai ya ci gaba. Saboda haka kowa ya sakankance cewa abincin da ya fi sa girma da sauri shi ne ya fi kyau ta kowace fuska. Ba a cika tambayar abin da ke samun dabbar in ta tsufa ba, domin dabbar kiwo wuƙa ta kan riga tsufa zuwa gare ta.

Kifi da ɓeraye

Abin da ya fara sa McCay shakka kifi ne. Tun yana Yale ya shiga binciken abincin wani irin kifi na ruwan sanyi da a ke kiwo a tafkunan gwamnati. Ya lura waɗanda aka rage wa abinci mai gina jiki sun ƙi girma, amma sun daɗe da rai fiye da 'yan'uwansu. Da ma cikin 1917 malaminsa Mendel, da abokin aikinsa Thomas Osborne, sun buga wani ɗan rahoto cewa waɗansu ɓeraye mata da aka tsai da girmansu sun yi tsawon rai, har sun haihu a lokacin da sa'o'insu suka daina. Sai dai ɓerayen ba su da yawa, gwajin kuma bai kai a kafa hujja da shi ba. McCay ya ɗauri aniyar shi zai bi abin har ƙarshe.

Bin abin har ƙarshe kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Mai binciken girma, mako shida ko takwas sun ishe shi ya ga sakamako ya rubuta. Mai binciken tsawon rai tilas ya jira har dabba ta ƙarshe ta mutu don kanta, kullum yana awo, yana share keji, yana rubutawa, shekara da shekaru. Masu neman suna da sauri ba su son irin wannan aiki. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kafin in faɗi yadda ya yi gwajin, bari in bayyana wani abu wanda shi ne mabuɗin labarin duka. Abinci aiki biyu ya ke yi a jiki. Na ɗaya, shi ne itacen wutar jiki, shi ke ba da ƙarfin tafiya da noma da ɗumin jiki. Ana auna wannan ƙarfi da wani ma'auni da a ke kira kalori, kuma yawancinsa daga tsaba da mai da sukari ya ke fitowa. Na biyu, shi ne kayan gini da gyara, watau furotin irin na nama da wake da nono, da bitamin, da ma'adinai irin waɗanda ke gina ƙashi da jini. Mai fama da yunwa duka biyun ya ke rasawa. McCay ya so ya raba su, ya rage itacen kaɗai, ya bar kayan ginin cif.

Ya ɗauki fararen ɓeraye 106, maza da mata, ya kasa su uku. Kashi na fari ya bar su su ci iyakar cinsu. Kashi na biyu ya fara rage musu abinci tun ranar yaye, na uku kuwa bayan yaye da mako biyu. Abincin da ya haɗa musu ya cika shi da furotin da bitamin da ma'adinai, yadda ɗan kaɗan ɗin da za su ci zai wadatar da su ta wannan fuska. Ya riƙa ɗora su bisa ma'auni, yana ba su abin da zai riƙe nauyinsu wuri guda, sai bayan wata biyu ko uku ya ƙyale su su ƙara kamar giram 10. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, akwai wata mace mai suna Mary Crowell da kuma shugaban ɗakin binciken, Leonard Maynard. Da sunansu su uku aka buga sakamakon cikin 1935.

Ga abin da suka samu. Mazan da suka ci iyakar cinsu, in an raba kwanakinsu daidai, kowanne ya yi kwana 483, watau shekara ɗaya da kamar wata huɗu. Mazan da aka rage wa abinci kuwa, kashi ɗaya sun yi kwana 820, ɗaya kashin 894. Wajen matan bambancin bai fito sarai ba a wannan gwaji na fari. Cikin waɗanda aka rage wa abinci har an sami mai kusan shekara huɗu, abin da ba a saba gani ba ga ɓera. Wani abin mamaki kuma, bayan sun wuce shekara biyu aka sake wa waɗansunsu abinci, sai ga su sun ci gaba da girma a lokacin da sa'o'insu masu ƙoshi suka riga suka tsufa ko suka mutu. Amma ba su taɓa cim ma cikakken girman ɓera ba.

McCay bai ɓoye tsadar abin ba. Ɓerayen nan masu tsawon rai ƙanana ne, ƙasusuwansu ba su da ƙwari, ba su jure sanyi, kuma muddin ana tsare musu abinci haihuwa ba ta yi musu sauƙi. A keji su ke, cikin ɗaki mai ɗumi, ba kyanwa, ba neman abinci, ba wahala. Ya sake gwajin, ya buga sakamako na biyu cikin 1939, abin ya ƙara tabbata. Masu binciken da suka biyo baya a ƙasashe dabam dabam sun ga haka nan, sun kuma ga ciwon daji da ciwon ƙoda suna jinkirin kama dabbar da aka rage wa abinci ta wannan hanya.

Akwai wuri guda da na bayansa suka gyara masa. Shi ya ɗauka jinkirin girman ne ya kawo tsawon ran. Cikin 1982 waɗansu masana biyu, Richard Weindruch da Roy Walford, suka fara rage wa ɓeraye abinci a hankali bayan sun shekara guda, sun riga sun gama girma, sai ga shi su ma sun ƙara kwana. Ashe ba sai an tsumburar da yaro ba. Wannan gyara yana da nauyi ƙwarai, ku riƙe shi, za mu komo kansa.

Burodin Cornell

Wanda ya ji wannan labari zai zaci McCay ya ƙare ransa yana hana mutane cin abinci. Ko kusa. Aikinsa da ya fi shiga gidajen talakawan ƙasarsu aikin ƙara wa abinci albarka ne. An nemi taimakonsa a kan abincin majinyatan asibitocin masu taɓin hankali na jihar New York. Mutane ne masu ɗimbin yawa, da yawansu tsofaffi, kuɗin ciyar da su kuwa kaɗan. Ya lura abin da su ke ci sosai burodi ne, ga shi kuwa farin burodi ne na garin alkama da aka cire wa dusa da idon ƙwaya, watau ɗan wurin nan da tsiro ke fitowa, inda mai da bitamin suka taru.

Bai ce a sayo musu nama kullum ba, don ya san ba kuɗi. Bai ce su bar burodi ba, don ya san ba za su bari ba. Sai ya gyara burodin. Ga kowane kofi na gari ya sa a zuba babban cokali ɗaya na garin waken soya, da babban cokali ɗaya na garin madara, da ƙaramin cokali ɗaya na idon alkama. Hikimar ita ce furotin ɗin tsaba yana da giɓi, na wake da madara kuwa yana cike wannan giɓi. Ya gwada a kan ɓeraye, waɗanda aka ciyar da sabon burodin suka yi girma sosai, na farin burodi suka tsumbure. Aka sa masa suna burodin Cornell, aka riƙa yinsa a asibitoci da makarantu da gidaje. Matarsa Jeanette, wadda ita ma ta karanci ilmin abinci, ta taimaka ƙwarai wajen koya wa matan gida yadda a ke yinsa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, sai ya shiga aikin sojan ruwan Amurka, yana binciken abincin mayaƙa a cibiyarsu ta Bethesda. A nan ya lura da yawan lemon kwalba da samarin ke sha. Ya gwada, ya ga tsamin da ke cikin irin wannan abin sha yana cin bayan haƙori, bayan yaƙi kuma ya faɗi haka a gaban wani kwamiti na majalisar ƙasarsu. Ya rubuta littafi a kan abincin karnuka, ya yi bincike a kan yadda ƙashi ke lalacewa da tsufa. Cikin shekarun 1950 har ya gwada haɗa jikin tsohon ɓera da na yaro, jini ɗaya yana zaga su, don ya ga ko jinin ƙuruciya na da wani tasiri a kan tsufa. Wannan gwaji masana sun sake tono shi bayan shekara hamsin, a kan dabbobi.

Babban abin da ya bari shi ne ya mai da tsufa abin da a ke iya bincike a kansa da ma'auni. Kafinsa maganar tsawon rai ta fi yawa a bakin masu tallan magani. Yana cikin waɗanda suka rubuta babban littafin nan na matsalolin tsufa da Edmund Cowdry ya tattara cikin 1939, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu binciken tsufa ta Amurka, wadda aka kafa cikin 1945. Rashin lafiya ya same shi a ƙarshen rayuwarsa, ya bar aiki. Ya rasu ran 8 ga watan Yuni 1967, yana da shekara 69. Mutumin da ya tsawaita ran ɓeraye bai kai saba'in ba. Ilmi ya kan nuna hanya, amma ba ya ba kowa takardar alkawari.

Abin da aka gano bayansa

To, mutum fa? Ɓera dai ba mutum ba ne. Don a matso kusa, sai aka koma kan birai. An fara gwaji biyu a Amurka, ɗaya cikin 1987 a cibiyar binciken tsufa ta gwamnati, ɗaya cikin 1989 a Jami'ar Wisconsin, ana rage wa biran kimanin kashi 30 cikin 100 na abincinsu. Cikin 2009 mutanen Wisconsin suka ce biransu da aka rage wa abinci sun fi tsira daga ciwon sukari da ciwon daji da ciwon zuciya, sun kuma fi daɗewa. Cikin 2012 na cibiyar gwamnati suka ce su ba su ga ƙarin kwana ba. Da aka duba, ashe abincin Wisconsin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sukari ne, kuma biran da a ke gwadawa da su an bar su suna ci yadda suka ga dama. Na cibiyar gwamnati kuwa sukarinsu bai wuce kamar kashi 4 cikin 100 ba, kuma ko waɗanda ba a rage wa ba da awo a ke ba su. Cikin 2017 ɓangarorin biyu suka haɗu suka duba sakamakonsu tare. Suka ce ragin yana da amfani ga birin da ya riga ya girma, amma waɗanda aka fara wa tun suna ƙanana ba su ci riba ba.

An gwada a kan mutane ma. A wani gwaji a Amurka an ɗauki manya 218 masu lafiya, aka nemi kashi biyu cikin ukunsu su rage kashi 25 cikin 100 na abincinsu har shekara biyu. Abin da suka iya ragewa bai wuce kamar kashi 12 ba. Duk da haka awon jininsu da kitsen jininsu sun gyaru, amma ƙashinsu ya ɗan rage ƙwari. Shekara biyu kuwa ba ta isa a ce an auna tsawon ran ɗan Adam ba.

Yunwa dabam ce

Yanzu ga ɗaya rabin maganar. Cikin 1944 da 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwajin yunwa a Jami'ar Minnesota da samari 36 da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kamar rabin abin da suka saba ci, irin abincin ƙasashen da yaƙi ya ɓata, dankali da kabeji da burodi. Suka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙarfinsu ya tafi, ransu ya ɓaci, ba su da tunani sai na abinci. A wannan lokaci kuma yunwar yaƙi ta auka wa ƙasar Holan. 'Ya'yan da ke cikin ciki a watannin nan, da aka bi sawunsu bayan shekara hamsin, an tarar ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi kama su. Watau yunwar uwa tana bin ɗa har furfurarsa.

A shekarar nan ta 1935 da McCay ya buga labarin ɓerayensa, wata likita 'yar Jamaika mai suna Cicely Williams, da ke aiki a Akara ta ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta buga bayanin wani ciwo na yara da sunan da mutanen wurin ke kiransa, kwashiyoko. Yara ne da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Sai ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule, da yawa su mutu. Wannan ciwo ba baƙo ba ne gare mu, yana cikin abin da mu ke kira tamowa. Shekara ɗaya, rahoto biyu. Ɓerayen McCay an rage musu yawa an cika musu kyau, yaran Akara kuwa kyan ne suka rasa.

Mu da ke nan

A ƙasar Katagum da sauran Arewa mun san yunwa ba a littafi ba. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973. Ko a shekarar albarka, manomi ya san watannin tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, aikin gona kuwa ya fi na kullum nauyi. Cikin shekarun 1950 wani likita mai suna Nicol ya zaga ƙauyukan Nijeriya yana auna abin da manoma ke ci, har ya zauna da mutanen Bunga ta ƙasar Ningi, nan cikin jihar Bauchi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna yara 37 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, ba su kai tsawon sa'o'insu ba, abin kuwa ya fi tsanani a Arewa. Irin waɗannan yara su za su zauna gabanmu a aji.

Saboda haka ga yadda ni na fahimci darasin McCay, kashi uku.

Na ɗaya, yaro da mace mai ciki da mai goyo ba su cikin maganar ragi ko kaɗan. Gwajin 1982 ya nuna ba a bukatar tsai da girma, gwajin birai ya nuna ba riba a fara da ƙuruciya, labarin Holan ya nuna akwai hasara mai tsawo. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, ba horo ya ke sha ba, cutuwa ya ke yi, kuma da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Malamin da ya ga yaro yana gyangyaɗi da hantsi, ya fara tambayar abin da ya ci kafin ya ɗauki bulala.

Na biyu, tsoho ma a yi hattara da shi. Jiki in ya tsufa nama ya kan zube, ƙashi ya yi rauni, haƙora su faɗi, sha'awar abinci ta ragu. Tsohon da ke ƙauye, wanda ya yi noma duk ransa, ba ƙiba ce damuwarsa ba. Bukatarsa abinci mai taushi mai gina jiki, nono da ƙwai da alala da kunun gyaɗa da romo. McCay da kansa, da aka kawo masa tsofaffin asibiti, ƙara musu ya yi.

Na uku, wanda maganar ragi ta shafa shi ne irinmu in mun kama aiki. Albashi ya zo, an bar fartanya, an bar tafiyar ƙasa an hau babur, ga shayi mai kauri da farin burodi da safe, ga shinkafa da mai da rana, ga lemon kwalba a kowane biki. Da haka tumbi ke fitowa, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, cututtukan da yanzu suka yawaita a garuruwanmu. Wannan shi ne ɓeran da aka bari ya ci iyakar cinsa. Da ma tun muna yara malamanmu na zaure sun karantar da mu a kasa ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi rabonsu. Amma wannan horo ga wanda ke da abin cika cikin ne, ba a yi wa mai yunwa wa'azin ƙoshi.

Dabarar burodin Cornell kuwa ba sai mun aika Amurka ba, iyayenmu mata sun daɗe da ita. Fura da nono tsaba ce da madara. Ɗanwake, da shinkafa da wake, da kunun gyaɗa, duk tsaba ce da ta sami abokin cika mata giɓi. Miyar kuka da zogale da daddawa suna kawo abin da tuwo ya rasa. Ga waken soya kuma ya shigo, har ana yin awara da shi a kan titi. Abin da za mu koya wa yara da iyayensu shi ne a zuba garin gyaɗa ko na waken soya cikin kunun yaye, kada a bar shi tsurarsa. Kada a sayar da wake da ƙwai duka a kasuwar Azare a sayo taliya da lemon kwalba. Kada kuma a tsananta surfe har a zubar da albarkar tsaba cikin dusa, domin abin da injin Turawa ya cire wa alkama, shi turmi ke cire wa gero in an matsa.

Akwai kuma darasi na aikinmu kansa. Mutumin nan ya zauna cikin masu neman saurin girma, ya yi tambayar da ba su yi ba. Ya jira shekara huɗu kafin ya buɗe baki. Ya faɗi ribar abin da ya gano, ya faɗi hasararsa. Da na bayansa suka zo suka gyara fassararsa, awonsa ya tsaya daram, domin ya auna da gaskiya ya rubuta da gaskiya. Malamin makaranta ma aikinsa irin wannan ne, abin da ya shuka a aji ɗaya sai bayan shekara ashirin a ke ganin amfaninsa.

In wani ya tare ku a ƙauye ya ce ya ji wai ƙarancin ci na ƙara kwana, ku tambaye shi wa zai rage, me kuma zai rage. In babba ne mai tumbi, ya rage sukari da mai da yawan loma. In yaro ne, ko mai ciki, ko tsoho, a ƙara musu wake da nono da ganye. Allah ya ba mu lafiya da wadatar abinci, ya sa mu ga tsufanmu da ƙarfinmu, amin.